Kamara ta ce ba ta ga lensi ba: a bar ta a otomatik ko a saita da hannu?

Wa alaikumus salam ƙanena na Mabera. Bari in maimaita tambayar a taƙaice don waɗanda ba su gan ta ba. Ka sayi Sony a7 II ta hannu, kawunka ya ɗauko maka tsohon lensi Helios na kamararshi Zenit da ke cikin akwati tun kana goye, ka nemo adafta ka ɗaura, kamara ta ce ita ba ta ga lensi ba ta ƙi ɗauka. Wani ya ce maka ka mai da komi manuwal, wani ya ce kul ka taɓa ka bar ta a otomatik yadda kamfani ya yo ta. Kana son sanin wa ke da gaskiya.

To kowannensu ya faɗi rabi ya bar rabi, kuma kamararka lafiyarta lau, kada wani mai gyara ya karɓe maka kuɗɗi a banza.

Cire lensin zamani ka juya gindinshi ka duba, za ka ga wasu ƴan ƙarafa masu ruwan zinari a jere, mu nan shago haƙoran Makka muke ce musu. A bakin kamara ma akwai ƴan'uwansu. In ka murɗa lensi ya ce ƙas sai su haɗu, ta nan lensi ke gaya wa kamara ni wane ne, tsawona milimita kaza, ƙofar haskena tana buɗewa zuwa kaza, fokos ɗina yana nisa kaza. Kamara ba ganin lensi take yi ba, saurarenshi take yi. Canon tun 1987 da sunka fito da bakin EF sunka mai da zancen ga gaba ɗaya na lantarki, yawancin sauran kamfanoni ma kowa ya bi ta hanyarshi. Yanzu juya Helios ɗin kawu. Ƙarfe ne zalla da zare irin na murfin kwalba wanda ake kira M42, babu haƙori ko ɗaya. Bebe ne. Kamara ta yi sallama ba a amsa ba sai ta ɗauka babu kowa a gidan, shi ya sa ta kulle shota.

Abin da ake nufi da otomatik a wagga magana ke nan, kamara ta saurari lensi ta yi aiki da abin da ya faɗa. Manuwal kuwa kai ne tafintan bebe, kai za ka gaya mata abin da ke ɗaure a bakinta. Kuma ka lura wanga ba shi ne maɓallin AF da MF na jikin lensi ba, ba kuma shi ne harafin M na saman kamara ba, yara da yawa suna cakuɗa su su uku. Na AF da MF zancen wa zai yi fokos ne, M na sama zancen wa zai auna haske ne. Namu zancen wa zai faɗi sunan lensi ne.

Matsalarka ta yau minti ɗaya ce. Shiga menu wajen alamar giya ka nemi Release w/o Lens ka sa shi Enable, shi ke nan ta fara ɗauka. Za ka ga wajen lambar ƙofar haske ta rubuta F-- kada ya dame ka, tana nufin ba ta sani ba ne kawai, kai za ka murɗa zoben da ke jikin lensi da hannunka. Sa kamara a A ko M. A A ɗin tana auna hasken da ya shigo ta zaɓi saurin shota da kanta kuma tana yi daidai, don hasken da ya iso sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikinta, take aunawa ba ruwanta da sunan lensi. Mai Fujifilm nashi Shoot Without Lens ne, Panasonic ma kusan haka sunan yake, mai Canon EOS M ko EOS R ya duba sashen menu mai suna C.Fn zai ishe Release shutter w/o lens. Tsofaffin Canon masu madubi irin 600D, 60D, 5D da sunka cika garin ga ba su ma tambaya, F00 kawai suke rubutawa su ci gaba da aiki.

Ni tawa a Enable take zaune shekara da shekaru ban taɓa mai da ita ba. Illarta ɗaya da na sani, in ka ɗaura lensin zamani bai zauna daidai ba kamara ba za ta tsawata maka ba, sai dai ka ga F-- inda ya kamata ka ga lamba.

Amma inda nake son ka buɗe kunne shi ne na biyu, don nan ne ake ɓarna ba a sani ba. Kamarar taka a7 II da ta fito 2014 tana da abin hana rawar hannu a cikin jikinta, Sony suna ce mishi SteadyShot. Sensa ɗin kanshi ne ke motsi, in hannunka ya girgiza dama sai shi ya goce don ya rama. To nawa zai goce? Ya danganta da tsawon lensi. Girgiza ɗaya tak, a lensi 28mm ɗan motsi kaɗan take jawowa a hoto, a 135mm kuwa motsin ya kusa ninki biyar, kamar ka riƙe gajeren sanda da doguwar gora ka karkaɗa hannu iri ɗaya, dubi bakin wanne zai fi lilo. In lensi mai magana ne shi zai faɗi tsawonshi, har in zum ne kana murɗawa yana sabunta mata lamba, a nan otomatik ba ta da na biyu kuma duk wanda ya ce ka cire ta ya cuce ka. In bebe ne kuwa otomatik ba ta da abin saurare, dole ka shiga SteadyShot Settings ka mai da SteadyShot Adjust zuwa Manual ka zaɓi tsawon da kanka. Helios 44 ɗin ga 58mm ne, in ba ka ishe 58 cif a jerin ba ɗauki na kusa da shi, ni na fi son na ƙasa kaɗan bisa na sama, don gyaran da ya gaza ya fi gyaran da ya zarce sauƙin illa. Kuma lambar da ke rubuce a jikin lensi za ka sa, ko a kamara mai ƙaramin sensa ne, kada ka ce za ka ninka da 1.5, wanga kuskure na ga manya ma suna yin shi.

Ka san kuma ko ka saita daidai ba cikakken aikin za ka samu ba. Gyara iri biyar kamarar ke yi da lensi mai magana, da bebe uku take iyawa, sauran biyun sai ta san nisan abin da ka yi wa fokos kuma babu mai gaya mata. Ukun ma sun wadatar wallahi, sai in kana ɗaukar abu kusa-kusa kamar zobe ko zanen lalle.

Bari in ba ka labarin kaina don kada ka ce daga takarda nake karantowa. Wata Sallah ina ɗaukar bidiyon hawa a wajen fada, na fara da tsohon lensi 135mm don in jawo fuskokin mahaya daga nesa, na saita 135 lafiya lau. Da dawaki sunka matso jama'a ta turo ni sai na yi wuf na canja zuwa 28mm shi ma bebe, ga ƙura ga algaita ga wani yaro na jan rigata, wa zai tuna da menu. A ɗan gilashin kamara cikin rana ban ga komi ba. Sai da dare na zuba a kwamfuta na ga hoto na fizga yana zillo kamar wanda anka ɗauka bisa babur a hanyar ƙauye, alhali ina tsaye wuri ɗaya. Kamara tana rama girgizar 135 a kan lensi 28, wato abin da anka sa don ya hana rawa shi ne ya koma yana kaɗa ganga. Da kashe shi na yi gaba ɗaya da aikin ya fi haka kyau nesa ba kusa ba. Mai aikin ya yi haƙuri amma rabin kuɗɗin na bar mishi. Tun ranar na gane cewa gara kamara ta zauna ba ta san komi ba da a gaya mata ƙarya, don in ba ta sani ba kamewa take yi ko ta yi gargaɗi, in ka ba ta lambar banza kuwa da zuciya ɗaya za ta yi aiki da ita.

Abin da nake yi yanzu, na ɗora saitin tsawon ga a kan maɓalli ɗaya na jikin kamara don kada sai na shiga menu, kuma na manna ƴar farar takarda a murfin bayan kowane tsohon lensi na rubuta lambarshi da jan biro, hannuna na cire murfi idona na ganin lamba. In na koma lensin zamani na mai da ita Auto nan take kafin ma in ɗaga kamara. In kuma tsohon zum ne bebe irin 70-210 ɗin nan da ke yawo, babu lamba ɗaya da za ta yi mishi daidai, ko dai ka tsaya a tsawo ɗaya ka saita shi, ko ka kashe abin ka ɗaga saurin shota, tsohuwar ƙa'ida ta nan, lensi 200mm kada saurin shota ya sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa.

Sai kuma wani gano lensin da ba ka tambaya ba amma zai same ka ranar da ka ari lensin abokinka mai Sony a6000. Bakinsu ɗaya da taka, zai ɗauru, amma an yi shi ne don ƙaramin sensa, hasken da yake zubawa ba ya rufe babban sensa naka. Akwai saiti APS-C Size Capture mai On da Auto da Off. A Auto kamara na jin lensin ta yanke gefe da kanta ta yi aiki da tsakiya, hoto ya fito tsaf amma daga megafiksel 24 ka dawo wajen 10. A Off za ka ga baƙin zobe a kusurwoyi kamar kana leƙe ta bututu. Bar shi a Auto. Amma in lensin ƙaramin sensa ne kuma bebe, irin su 7Artisans da Meike masu araha da ake odarsu yanzu, Auto ba za ta gane ba sai ka sa On da hannunka, kuma nan ma mantuwa na jira, na san wanda ya ɗauki kamu da ɗaurin aure gaba ɗaya a megafiksel 10 da lensinshi mai tsada don ya bar ta a On tun jiya, sai da anka zo wankin babban hoto na bango abin ya fito fili. Nikon nasu Auto DX crop ne. Canon EOS R kuwa in ka sa mata EF-S, lensin Canon na ƙaramin sensa, ta adafta yankewa take yi dole ba ta neman shawararka.

Tunda na ambaci Nikon, masu ita ku matso don ku ne kunka fi yawa a masu ɗaukar biki. Bakin F na Nikon tun 1959 yake, shi ya sa tsohon lensi ke ɗauruwa a kamararsu ta zamani mai madubi babu adafta, sai mutum ya ɗauka komi zai yi aiki. A manyan irin D7000, D7100, D7200, D610, D750 akwai Non-CPU lens data, ka sa tsawon lensi da iyakar buɗewarshi, tana riƙe har guda tara, daga nan awon haske ya yi aiki a A da M, lambar ƙofar haske ta fito daidai har filasha ta san faɗin da za ta watsa. Suna iya haka ne don akwai ɗan kunne a zoben bakin kamara da ke bin zoben lensi, tsarin da Nikon sunka kawo 1977 mai suna AI. Ƙananan irin D3100, D3300, D5200 ba su da kunnen ga, da tsohon lensi sai M kawai kuma babu awon haske, da ido za ka ƙiyasta ka ɗauka ka duba ka gyara. D7500 ma duk da ta fi su sabunta an cire mata shi. Lensin da ya girmi 1977 wanda ba a gyara ba kuwa kada ka tilasta shi a kan masu kunnen, yana iya karya shi. In kuma ka ga fEE tana ƙiftawa da lensi irin 50mm f/1.8D, ba lalacewa ba ce, zoben ƙofar haske ne ya goce, mai da shi kan lamba mafi girma wato 22 ka kulle. Wanga lensin dai a kan D3000 da D5000 da ƙannensu kamara za ta gane shi sarai amma ba zai yi fokos da kanshi ba don babu injin juya shi a jikinta, ka ga ganewa daban iya aiki tare daban.

Inda za ka ga an rubuta Lens Detection ɓaro-ɓaro da zaɓin Off, Auto, Manual shi ne Leica M ta Jamus, ba kamarar talaka ba ce amma labarinta na koyar da abu. Lensinsu ba su da haƙoran lantarki sam. Da sunka fito da M8 a 2006 sai sunka ƙirƙiro ɗigo shida farare da baƙaƙe a gindin lensi, kamara na da ɗan ido da ke karanta su, jerin fari da baƙi shida na ba da lamba 64 daban-daban kowane lensi da tashi. Dalili shi ne lensin M na zama kusa da sensa sosai, haske na faɗa wa gefuna a karkace, fim bai damu da haka ba amma sensa ya damu, sai kusurwa ta yi duhu launi ya gurɓace, gefe ɗaya ja-ja wani shuɗi-shuɗi musamman a lensi masu faɗi irin 21mm da 28mm. In kamara ta san lensin sai ta gyara. Daga M9 ta 2009 anka ba mutum dama ya zaɓi lensi daga jeri da hannu in nashi tsoho ne marar ɗigo, masu lensin Zeiss da Voigtländer su kan zaɓi na Leica da ya fi kama da nasu, wasu har da alƙalami suke zana ɗigon. Kuma gyaran na shiga har cikin ɗanyen fayil wato RAW, hoton yadda ya fito daga sensa, in ka zaɓi 21mm ka manta ka ɗaura 90mm ta haskaka maka kusurwoyin da ba su yi duhu ba, cire shi sai an sha wuya. Ciwon dai ɗaya ne da nawa na ranar hawa, kuɗɗin kamarar ne kawai ya bambanta.

Kada kuma ka ɗauka otomatik ba ta ƙarya. Akwai adafta masu ɗan cif da ake mannawa don kamarar Canon ta yi ƙara in fokos ya zauna, da yawansu duk lensin da ka ɗaura 50mm suke cewa, to in ka sa irin wanga a kamara mai hana rawa a jiki kana Auto ka ga an koma gidan jiya. Wasu lensin Sigma da Tamron ma a kan Canon da lambar wani lensin Canon suke gabatar da kansu, kamara ta yi musu gyaran kusurwa na wani, sai ka ga zobba-zobba a sararin sama ko a bango mai launi ɗaya, maganin shi ne ka kashe Lens aberration correction a menu. Don haka ko a Auto kake, ɗauki hoto ɗaya ka danna bayaninshi ka ga milimita nawa ta rubuta, in ya yi daidai da abin da ke hannunka ka ci gaba.

Sai ƙura, wadda mu nan ba sai an ba mu labarinta ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya busa rabin kamarorin da ake kawo min da kukan ba ta ganin lensi datti ne kawai a haƙoran, Canon ta rubuta Err 01, Sony da Nikon su nuna F-- alhali lensin zamani ne. Zafin Afrilu kuma gumi da maiƙon hannu su haɗu da ƙurar su zama kamar dauɗar kwabo. Kashe kamara, cire lensi, goge haƙoran lensi da na kamara da busasshen ƙyalle mai laushi irin na tabarau, bakin kamara na kallon ƙasa don kada abu ya faɗa kan sensa, kada ka hura da baki, kada ka kankare da reza ko allura kamar yadda na ga wani ya yi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne mutum ya ga lensin zamani ya daina magana sai ya je ya kunna Release w/o Lens ya ce ya gyara, shota kam za ta buɗe amma babu fokos babu sarrafa ƙofar haske, ka rufe bakin mai kuka ne ciwon na nan.

Abu ɗaya da za ka rasa da Helios ko mi ka saita, kamarar taka ba za ta rubuta sunanshi ko ƙofar hasken da ka yi aiki da ita a bayanan hoto ba, in ka zo Lightroom, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ba zai gane lensin ba balle ya yi mishi gyara da kanshi. Ni ban ɗauki wanga asara ba don wanda ya ɗaura Helios don murɗaɗɗen bayan nan nashi ya ɗaura shi, yadda ganye da fitilu ke juyawa kamar guguwa a bayan mutum in ka buɗe ƙofar haskenshi gaba ɗaya a f/2, gyara mi za a yi mishi. Kunna Peaking Level ka sa launin ja ko rawaya don ka riƙa ganin inda fokos ya zauna, ka ɗora Focus Magnifier mai ƙara girman hoto a maɓalli kusa da yatsanka don a f/2 ido kaɗai ba ya isa, sai ka sa fokos a ido ya tafi kunne. Ka lura kuma in Helios ɗin samfurin 44-2 ne zobe biyu gare shi na ƙofar haske, ɗaya na tsayar da lamba ɗaya na buɗewa da rufewa, ka yi fokos a buɗe sannan ka rufe ka ɗauka. Kada ka fara gwada shi a bikin mutane, je ka bakin gulbi da la'asar ko ka samu ƙanenka ka tsayar da shi gaban bishiyar dogonyaro rana na bayanshi ka yi ta ɗauka har hannunka ya saba. In ka samu dama ka biyo da shi shago in duba ko naman gwari bai ci gilashin ba tunda ya daɗe a akwati, ka gaida kawu.